Malam Zulkifli, Mai Leƙen Gadon da ke Cikin Hanji

Idan rana ta ɗan ɗaga a kan duwatsun Birnin Kudu, lokacin da mata ke dawowa daga rijiya, za ka ji ƙarar wani tsohon babur yana fitowa daga Unguwar Ya. Ba ya gudu. Mai shi dogo ne siriri, da farar hula wadda wanki ya koɗar, yana tafe yana ɗaga wa manoma hannu. Malam Zulkifli ke nan, za shi wurin aiki. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana wannan sammako, wani zubin zuwa asibitin da ke kusa da gida, wani zubin can ƙasar Gwaram inda aka taɓa mayar da shi, har zuwa watan jiya da ya yi ritaya.

Ɗakin gwaji ne wurin aikinsa, ɗaki na ƙarshe a bayan ginin asibiti, inda ba mai zuwa sai wanda aka tura. Yana isa, taga yake fara buɗewa. Madubin likitan da ya fi so tsoho ne, irin mai ɗan gilashi a ƙasa da ke kamo hasken rana ya harba shi sama, saboda haka ko an ɗauke wuta aikinsa ba ya tsayawa. Zai goge idon madubin da lallausan ƙyalle, ya wanke hannu har gwiwa kamar mai alwala, ya yi bisimilla, ya zauna. Daga nan sai mata su fara shigowa, kowacce da 'yar roba a naɗe cikin leda, ta ɓoye ta a ƙarƙashin hijabi, kanta a sunkuye. Shi kuwa hannu biyu yake sawa ya karɓa, ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Inna. Yaya mai jikin?"

Bari in kira aikin da sunansa, tunda shi bai taɓa jin nauyin kiransa ba. Bayan gidan mutane yake dubawa. Ya ɗebi ɗan kaɗan da tsinke, ya dama shi da ɗigon ruwan gishiri a kan siririn gilashi, ya sa a ƙarƙashin madubi, ya nemi ƙwayayen tsutsar ciki. Abin da ya gani shi likita ke jira kafin ya rubuta magani.

Ba aiki ba ne da ake yi wa guɗa. Mai ɗakinsa ta taɓa ba ni labari cewa a farkon aurensu, idan aka je ɗaurin aure aka ajiye faranti, akwai masu janye jiki da wayo su koma wani farantin. Yara suka laƙaba masa suna, ba zan maimaita shi a nan ba. Ta ce ita abin ya ci mata rai, har ta roƙe shi ya nemi canji zuwa ɗakin ba da magani. Sai ya yi murmushi ya ce mata, "Hajiya, da kin ga abin da nake gani a ƙarƙashin madubin nan, da tausayinsu za ki ji. Ba su san duniyar da ke cikinsu ba."

Ni malamar firamare ce a Yalwan Damai, kuma a can na fara saninsa, shekarar da aka turo ma'aikatan lafiya su ba ɗalibanmu maganin tsutsa. Sauran suka raba magani suka tafi. Shi ya tsaya, ya kwance akwatin katako daga bayan babur, ya kafa madubinsa a kan teburina kusa da taga, ya ce yana so ya duba wasu yaran da idanunsu suka yi fari. Na tsaya nesa ina toshe hanci da mayafi. Ya lura da ni, ya ce, "Malama, ke da kike koyar da kimiyya, zo ki leƙa."

Na leƙa don kada in ji kunya.

Abin da na fara gani wani fili ne mai haske, a kewaye kamar wata daren sha huɗu. Sai abubuwa suka fara fitowa a hankali, kamar yadda gari ke bayyana wa matafiyi da safe. Ga wani ƙwai ruwan ƙasa mai kaushin baya kamar ɓawon gyaɗa; ya ce na macijin ciki ne. Ga wani kamar 'yar ganga, da murfi a kowane gefe. Ga wani kuma fari tas kamar ɗigon raɓa, ana hango 'yan ƙwallaye a cikinsa sun rungumi juna. Ya ce wannan na tsutsa mai ƙugiya ne, wadda ke shiga ta tafin ƙafa ta je ta maƙale a hanji tana shan jini. Na manta da warin, na manta da inda nake. Da na ɗago kai, ajin da allon da yaran duk sai na ga sun yi mini girma.

"Kin gani ko?" in ji shi. "To ni ba ƙwayayen ne ke hana ni sukuni ba. Dubi yaran can biyu. Tafki ɗaya suke wanka, gona ɗaya suke takawa ba takalmi. An ba su magani rana ɗaya bara. Wannan ya sake cika fal, wancan kuwa sai na yi ta nema kafin in samu ƙwai ɗaya. Me hanjin wancan ya sani wanda na wannan bai sani ba?"

Ya dubi taga, sannan ya ce ya daɗe yana lura abin yana bin gidaje, yadda tsawo ko wushirya ke bin gida. Ya ce ji yake kamar kakanni suna barin wa jikokinsu wani abu a cikin ciki, wanda ba a raba shi ranar rabon gado. A lokacin bai da wata hujja sai idonsa, kuma bai ɓoye hakan ba.

Akwai matar da wannan tunani nasa ya tsare wa aure da 'ya. Sunanta Kubra, a Farin Dutse take, kuma da bakinta ta ba ni labarin, ta ce in rubuta.

Wata damina, lokacin Malam yana aiki a ƙasar Gwaram, Kubra ta shigo ɗakin gwaji goye da 'yarta Nasiha, yarinyar da ta isa shiga makaranta amma ƙafafunta ba sa ɗaukarta. Ciki ya kumbura, tafin hannu ya yi fari, gashi ya yi ja ya kwanta. Idan aka ɗauke kai, sai a same ta a gindin bango tana ɓantarar ƙasa tana ci. An sha ba ta magani, ta ɗan murmure, abin ya dawo. Yayarta Ummussalma kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, kwano ɗaya, kumatu cike, ko ciwon ciki ba ta cika yi ba.

Surukar Kubra, Inna Hapsatu, ta riga ta yanke hukunci. Ta ce Kubra ta kula da babbar ta yi watsi da ƙaramar, ƙazantarta ce ke cinye yarinyar. Ta ce da ɗanta Ashiru ya ƙwace Nasiha ya kai wa ƙanwarsa riƙo a wani gari, uwar kuma ta je gidansu ta huta. Ashiru bai iya musu da mahaifiyarsa. An sa rana bayan an gama noma na biyu.

Malam Zulkifli ya duba abin da Kubra ta kawo. Ƙwayayen tsutsa mai ƙugiya sun cika filin madubin, ba wurin sa tsinke. Ya rubuta sakamako, ya ce ta yi maza wurin likita a ba yarinyar maganin tsutsa da na ƙarin jini. Kubra ta karɓi takardar, ta kasa tashi. Sai hawaye.

"Malam," ta ce, "don Allah ka gaya mini gaskiya. Ni ce na yi mata haka? Wallahi ina wanke ta, ina wanke kwanonta. Yadda na yi wa yayarta haka nake yi mata."

Ya tambaye ta abin da ke faruwa a gida, ta kwashe duka ta faɗa masa. Can ya ce, "Je ki wurin likita tukuna. Ki gaya wa maigidanki zan zo ranar Asabar, in ya yarda in shiga."

Ranar Asabar an kwana ana ruwa, rafi ya kawo. Mutanen Farin Dutse sun ga wani dogon mutum ya jingine babur a ƙetare, ya naɗe wando, ya ɗora akwatin katako a ka, ya ratso ruwa har ƙugu. Ashiru ya tarbe shi a zaure, aka shimfiɗa tabarma a gindin tsamiyar ƙofar gida. Bayan gaisuwa Malam ya fito da 'yan robobi, ya ce yana roƙon kowa a gidan ya ba da nasa, babba da yaro.

Inna Hapsatu ta ji daga cikin gida, ta fito har bakin zaure. "Har ni? Da furfurata? Ɗan nan, a gidanku ba a koya maka kunya ba?"

"An koya mini, Inna," in ji shi yana durƙushe. "Tsutsar ce ba a koya wa ba. Ba ta san furfura ba. In kin taimaka mini, jikarki kika taimaka wa."

Kubra ta ce tsohuwar ta yi ta faɗa tana komawa ciki, amma kafin rana ta take tsaka sai ga robarta an miƙo a cikin tsumma.

Ya kafa madubi a kan turmi da aka kife, ya juya ɗan gilashin har ya kamo ranar da ke ratsowa ta ganyen tsamiya. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Da ya gama, ya tambaye su ko sun yarda ya faɗi na kowa a gaban kowa, ko ya keɓe su. Inna Hapsatu ta ce ya faɗa a fili, ita ba ta da abin ɓoyewa.

Ya ce na Kubra kusan ba komai. Na Ummussalma 'yan kaɗan. Na Inna akwai, amma ba yawa. Sannan ya juya wurin maigidan. "Malam Ashiru, naka da na Nasiha kamar an raba abu biyu. Ba ka jin jiri in kana noma?"

Ashiru ya sunkuyar da kai. Ya ce ya daɗe in ya kai rabin kunya sai ya ga duhu-duhu, sai ya dafa fartanya ya huta. Ya ɗauka wahalar damina ce.

"Inna, zo ki gani da idonki," in ji Malam.

Tsohuwa ta matso tana gunaguni. Ya nuna mata yadda za ta rufe ido ɗaya. Ta leƙa na jikarta, ya canza gilashi, ta leƙa na ɗanta. Ta daɗe a sunkuye.

Da Inna Hapsatu ta ɗago, ba Malam ta kalla ba, bangon zaure ta kalla. Ba ta kama sunan Ashiru, don ɗan farinta ne. Ta ce, "Wannan da kuke gani, yana ƙarami haka ya yi. Cikinsa kamar tulu. Bangon ɗakina na can tsohon gida, shi ya cinye gindinsa." Hawaye suka zubo mata. "Uwar mijina ta ce ni ƙazama ce. Ta karɓe shi daga hannuna, na yi damina guda ina leƙensa ta katanga. Ashe na manta. Wallahi na manta, sai yanzu."

Malam ya bar ta ta share ido, sannan ya yi magana a hankali. "Inna, ban ce daga gidanku ne ba. Yaro daga uwa da uba yake ɗauko jikinsa, kuma ni ban san yadda abin ke tafiya ba. Abin da idona ya nuna mini shi ne, ƙasar nan kowa na takawa, tsutsar kowa tana shiga, amma wani hanjin yana korar ta da wuri, wani kuma yana jinkiri. Ba laifin mai hanjin ba ne, ba kuma laifin wadda ta goye shi ba ne. Mai jinkirin sai a taimaka masa."

Ya lissafa musu taimakon: takalmi a ƙafar Nasiha da ubanta ko da a gona ne, masai a cikin gida maimakon bayan gari, magani a kan lokaci ba sai ciki ya kumbura ba, zogale da wake a tukunya, da hanta in an samu.

Inna Hapsatu ta tashi ta shiga ɗakinta, inda aka riga aka ɗaure kayan Nasiha a ɗankwali. Ta fito da ƙunshin ta ajiye a gaban Kubra. "Kwance," ta ce. "Ba inda za ta." Kafin kaka Ashiru ya haƙa masai a kusurwar gidan. Nasiha tana sakandare yanzu, ta fi uwarta tsawo.

Kai ne ka ratsa rafin nan, Malam, ba wanda ya aike ka. Takardar aikinka ba ta ce ka bi mara lafiya gida ba, ba ta kuma ce ka durƙusa gaban tsohuwa tana zaginka ba. Kai ne ka ga cewa sakamakon gwaji bai gama aiki ba matuƙar ana ɗora wa uwa laifin da ba nata ba. Na Unguwar Ya, mai ido na uku!

Amsar tambayarsa ta zo masa har ɗakin gwaji, bayan shekaru, gashinsa ya fara fari. Wata mai bincike daga jami'a, Dakta Munawwara, ta zo yankin tana nazarin yadda ƙwayoyin gado ke shafar garkuwar hanji. Tana buƙatar wanda ya san ƙauyuka kuma ya iya duba ƙwai, aka haɗa ta da Malam. Wata nas ta asibitin ta ce ranar farko da suka zauna, Dakta na bayani, shi kuwa ya tallafe haɓa kamar yaro a gaban mai tatsuniya, shayinsa ya huce bai sha ba.

Daga baya ya zo makarantarmu ya maimaita mini abin da ya koya, fuskarsa na haske. Ya ce, "Malama, ashe a jikin bangon hanji akwai wasu 'yan ƙwayoyi da aikinsu ɗanɗano ne. Da tsutsa ta sauka, su ke fara jin ta, sai su aika saƙo. Saƙon na isa, wasu ƙwayoyin su zubo yauƙi mai yawa har tsutsar ta kasa riƙe bango, hanjin kuma ya ƙara motsi yana tura ta waje, kamar mace ta watsa ruwa a tsakar gida ta bi da tsintsiya. Daga cikin jini ma wasu na zuwa taimako, wasu kuma na ɗinke inda tsutsar ta huda."

Na ce to ina gadon ya shigo?

Ya ce duk waɗannan ma'aikata, tsarin ƙirarsu a rubuce yake cikin ƙwayoyin gado, rabi daga uwa, rabi daga uba. Ɗan bambanci kaɗan a rubutun sai ya sa saƙon wani ya fita da ƙarfi, na wani ya fita a raunane. Yauƙin wani ya zo da wuri, na wani ya makara. Ba wuri ɗaya ba ne a rubutun, wurare ne da yawa, shi ya sa 'yan ɗaki ɗaya ma kan bambanta. Ya ce Dakta ta ja masa kunne cewa gado ba shi kaɗai ke magana ba: ruwan sha, da abinci, da inda ake zagayawa, duk suna da bakin faɗa, kuma har yanzu masu bincike ba su kai ƙarshen abin ba.

"Amma ga wanda ya fi ba ni mamaki," in ji shi. "Ta ce masana na zaton masu garkuwar nan mai saurin tashi, wani lokaci ita ce ke damunsu da atishawa da ƙaiƙayi da asma, don tana tashi ko ba tsutsa. Kin ga ke nan ba wanda aka ba duka, ba wanda aka hana duka. Tsarki ya tabbata ga wanda ya raba."

Ya mayar da idonsa kan gonakin gero da ke bayan aji. Ya ce wani lokaci yakan zauna yana tunanin mutanen da suka rayu a gindin duwatsun nan tun kafin a san sunan garin, suna shan ruwan da muke sha, tsutsar nan tana damunsu, hanjinsu yana koyon yaƙi da ita a hankali, uwa tana miƙa wa 'ya, uba yana miƙa wa ɗa, ba wanda ya san yana miƙa komai.

Binciken yana buƙatar yawun mutane, domin daga nan ake karanta ƙwayoyin gado. A wani ƙauye na Gwaram maza suka taru suka ce ba mai ba baƙuwa yawunsa, wa ya san abin da za a haɗa da shi. Malam bai yi musu dogon wa'azi ba. Ya ɗauki kwalba ya tofa nasa a gabansu, ya rufe, ya miƙa wa Dakta. Ya bayyana musu abin da za a yi da shi da abin da ba za a yi ba, ya ce wanda bai yarda ba ba dole, kuma maganin 'ya'yansa yana nan ko ya bayar ko bai bayar ba. Wasu suka bayar, wasu suka ƙi, ya gaisa da kowa hannu da hannu kafin su tafi.

Akwai kuma abin da ya hango tun kafin ya faru. Da maganar gado ta bazu, wani dattijo mai faɗa a ji ya same shi a ɗakin gwaji, nas ɗin tana nan tana ji. Ya ce ɗansa na neman aure a gidan wane, yana so Malam ya ɗan raɗa masa ko gidan masu raunin hanji ne.

Malam ya ajiye tsinken hannunsa. "Alhaji, ka yi haƙuri. Abin da aka kawo ɗakin nan amana ne, ko naka aka tambaye ni ba zan faɗa ba. Sannan wannan ba abin fasa aure ba ne. Abin da takalmi da masai da ƙwayar magani ke gyarawa, ba a rufe wa 'yar mutane ƙofa saboda shi."

Alhajin ya fita ransa a ɓace, ya daɗe ba ya amsa gaisuwar Malam. An dai ɗaura auren.

Walimar ritayarsa ba ta tara jama'a ba. Abokan aiki suka jera kujeru a inuwar asibiti, aka sha lemo aka ci cincin, shugaban asibiti ya yi ɗan jawabi, aka ba shi shadda da agogon bango. Dakta Munawwara ta bugo waya aka sa kowa ya ji. Ta ce ta yi aiki da mutane da yawa, amma ba ta taɓa haɗuwa da wanda ya riƙe tambaya ɗaya tsawon rayuwarsa bai gaji da ita ba. Malam ya yi ta kallon ƙasa yana murza hularsa.

Idanunsa sun fara yana, abin da shekarun leƙe da na haihuwa suka taru suka jawo, kuma an sa masa ranar tiyata a asibitin ido. Muna roƙon Allah ya sa a yi a sa'a.

Mun gode, Malam Zulkifli. Mu malamai mun gode, domin mun ga yaran da ke gyangyaɗi a aji sun farka bayan ka duba su. Uwayen da ka wanke daga zargi sun gode, har da waɗanda ba su san sunanka ba, suna ce maka mutumin ɗakin baya. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiya da hutu mai daɗi, ya sa abin da ka yi ya tarar da kai a mizani.

Ku kuma samari da 'yan matan Birnin Kudu da Gwaram da ke cike takardar neman makaranta, kowa na rubuta likita ko injiniya, ku tuna kujerar ɗakin gwaji ma tana son mai hankali da tsabtar zuciya. Ku surukai da mazaje, idan yaro ɗaya ya rame a cikin 'yan'uwansa, ku kai shi a duba kafin ku nuna uwarsa da yatsa. Mu duka kuma, idan muka haɗu da masu irin wannan aiki a wurin biki, mu matsa musu wuri a farantinmu.

Makon jiya na same shi a gonarsa ta gyaɗa yana gyaran shinge, na gaya masa zan rubuta wani abu a kansa. Ya yi dariya har ya dafa itace, ya ce me za a rubuta a kan tsoho mai duba robobi. Na ce na riga na fara. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, inda hadari ke haɗuwa sama da duwatsu, ya kanne idonsa mai yana.

"To Malama, tunda kin nace," ya ce, "ki sa musu cewa ruwa ya kusa sauka. A kai yaran a duba su tun ƙasa ba ta jiƙe ba."

Na sa, Malam.